Waken Cikin Toka

Ba zan taɓa mantawa da ƙosan da na soya wa malamai a shekarata ta farko ta koyarwa ba, ko da tsufa zai sa in manta sunayen ɗalibaina kaf. Har yau idan na bi ta gaban mai ƙosai a tashar Madawa, ƙamshin ya bugi hancina, sai in kau da kai in ƙara sauri. Ƴaƴana sun ɗauka ɓata mini ciki yake yi. Na bar su a kan haka, don gaskiyar ta fi ciwon ciki nauyi.

Ni haifaffiyar Madawa ce, cikin gari. Mahaifina ma'aikacin ofis ne, kuma iyakar abin da na sani game da gona shi ne ana wucewa ta gefenta a mota. Wake kuwa, a sanina, abu ne da ake aunowa a tiya ranar kasuwa. Da na gama makarantar horon malamai aka tura ni wani ƙauye a bayan Buza, can cikin duwatsu ta hanyar da ke fita Keita. Aka ba ni aji huɗu, rumfar zana ce, yara hamsin da ɗoriya. Na isa da akwatina da takalmina mai tsini da tabbacin cewa ni ce hasken da mutanen nan suka daɗe suna jira. (Takalmin bai yi mako biyu ba dutse ya cire masa dunduniya. Girman kan ya fi shi jurewa.)

Akwai wani taro da malaman makarantun yanki ɗaya suke yi lokaci-lokaci, ana zagayawa daga wannan makaranta zuwa waccan. Makarantar da ta karɓi baƙi ita ke ba da abin taɓawa, kuma malami ɗaya daga cikinta yake yin darasin gwaji a gaban kowa. Sauran su zauna a bayan aji da alƙalumansu, in an gama su yi wa darasin filla-filla. Konseye, wato jami'in da ke zuwa daga Buza yana duba aikin malamai yana ba su shawara, shi ke rufe taron da tasa maganar. Tsofaffin malamai gudun wannan darasi suke yi. Ni kuwa da direktanmu, wato shugaban makaranta, Mushe Issufu, ya tambayi wa zai yi, hannuna ya riga bakinsa rufewa.

Na zaɓi darasin tsirowar iri. Mai karatu, a duba wannan da kyau: ni da ban taɓa shuka ko barkono a gwangwani ba, ni ce zan koya wa ƴaƴan manoma, jikokin manoma, yadda iri yake tsirowa. A lokacin ban ga abin dariya a ciki ba ko kaɗan. Littafin malami ya ce a samu gwangwanaye kashi uku. Kashi na farko a sa wake a kan jiƙaƙƙiyar auduga a ajiye a haske. Na biyu a jiƙa amma a rufe a duhu. Na uku kada ruwa ya taɓa shi sam. Bayan kwana goma yara su gani da idonsu abin da iri yake bukata. Na tara gwangwanayen tumatir goma sha takwas, shida-shida, na wanke su tas. Saura wake.

Bazara ce, zafi ya kai inda ya kai, kowa yana kallon gabas. Na ce wa yara gobe kowa ya zo da wake daga gida. Washegari abin da aka zube mini a kan tebur bai cika tafin hannu biyu ba, kuma kowace ƙwaya da hujinta, wata ma ƙwaron yana leƙowa. Raina ya ɓaci. Na yi musu faɗa sosai, na ce iyayensu ba su ɗauki karatu da muhimmanci ba, na ce da a Madawa ne da yanzu tebur ya cika. Sannan na yi alkawarin da har yau nake cizon yatsa a kansa. Na ce duk wanda ya kawo mini wake mai kyau, marar huji ko ɗaya, zan ba shi goma bisa goma, kuma ranar da baƙi za su zo shi zai zauna a bencin gaba.

Abin da ban sani ba, wanda ko yaron da bai shiga makaranta ba a ƙauyen ya sani, shi ne a ƙarshen bazara waken ci ya ƙare ko ƙwari sun gama da shi. Wake mai kyau kashi ɗaya ne ya rage a kowane gida, kuma ba na tukunya ba ne. Yaran sun sani, shi ya sa suka sunkuyar da kai suka bar ni da faɗana.

Sai Tsahara. Yarinya ce ƴar siririya mai zama a bencin ƙarshe, wadda ban taɓa jin muryarta ba sai wajen kiran suna. Marainiya ce, a hannun kakarta take. Allon rubutunta a fashe yake, kuma sau da yawa na tsayar da ita a gaban aji saboda ba ta da alli. (Ina jin a duk shekarar ban taɓa faɗa mata kalma mai daɗi ba kafin wannan rana, kuma wannan ma wani abin kunyar ne daban.) Da safe sai ga ta da wata tsohuwar gora a rungume, bakinta a toshe da tsumma an shafe da laka. Ta ajiye a gabana. Na fasa lakar na zazzage a faranti, sai toka ta tashi ta cika mini fuska, yara suka kwashe da dariya. Cikin tokar kuwa ga wake ja, ƙanana, sumul-sumul, babu huji ko ɗaya. Ya kusa cika tiya.

Maimakon in tambayi dalilin tokar, sai na ga dama ta samu ta yin darasin tsabta. Na tsaya na yi minti goma ina bayanin cewa abinci ba ya haɗuwa da datti, toka wurinta murhu, kuma idan sun koma gida su faɗa wa iyayensu. Yara hamsin suna kallona shiru. Na ɗauka bayanin ne ya ratsa su. Na sa aka kawo rariya aka tankaɗe tokar aka zubar a bayan aji, na rubuta wa Tsahara goma bisa goma da jan alƙalami, na sa aka yi mata tafi sau uku. Ta yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta koma gida da gorar ba komai a ciki.

Muka sa ƙwaya biyar-biyar a kowane gwangwani. Na duhu muka rufe su a akwatin ƙarfe na littattafai. Sauran waken, wanda shi ne kusan duka, na juye a kwano na kai ɗakina. Na ce a raina zan mayar mata. Na faɗi haka kwana ɗaya, na faɗa kwana biyu, daga nan kwanon ya zama kamar nawa.

Da taro ya matso, direkta ya ce matarsa za ta dama kunu, amma ya kamata a samu abin haɗawa. Nan take na tuna da kwanon. Na ce ya bar mini wannan, ni zan yi ƙosai, irin na birni. Mariama, matar da nake zaune a gidansu, ita ta taya ni surfe. Da ta ɗebo waken a hannu sai ta tsaya tana juya shi.

“Madam, ina kinka samu wanga wake?”

Na ce daga Madawa aka aiko mini. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma ta fito ba tare da na yi shawara da kowa ba. Wannan ƙaryar ita ce shaidar da ba ni iya kaucewa, domin ta nuna tun a lokacin wani ɓangare na zuciyata ya san abin ba daidai ba ne. Mariama ta ƙara dubawa, ta ce yana kama da na wata tsohuwa a nan garin, amma tunda na Madawa ne shi ke nan. Ta zuba ruwa. Da na faɗi gaskiya a wannan minti, da ta riƙe hannuna, da wannan labarin bai samu ba.

Ranar taro baƙi suka iso da hantsi, wasu a babur, wasu a ƙasa, sun kai talatin. Ƙosai ya yi kyau, ba zan ɓoye ba, ya tashi fam, ga albasa ga tattasai. Aka ci aka yaba. Konseye da kansa ya ci ya ƙara, ya ce rabonsa da ƙosai mai daɗin wannan tun yana yaro, ya tambayi wane irin wake ne. Na sake cewa na Madawa ne. Wani dogon malami daga makarantar gaba ya naɗe guda huɗu a takarda ya sa a aljihu, wai na hanya. Aka tura tiren can bayan aji, saura ƙwaya uku da mai.

Na lura bencin gaba babu Tsahara, amma ban ba abin muhimmanci ba, hankalina yana kan takardar shirin darasina. Na fara. Komai yana tafiya kamar yadda na tsara. Na ɗaga gwangwanin haske, ga tsiro kore shar da ganye biyu. Na ɗaga na duhu, ga shi dogo fari kamar marar lafiya. Na ɗaga na uku, busasshe, wake yana kwance yadda muka sa shi, na tambaya da Faransanci me ya sa wannan bai yi komai ba. Hannuwa suka tashi. Ina hango konseye yana gyaɗa kai yana rubutu. A raina har na fara tunanin yadda zan ba mahaifina labari.

Sai aka yi sallama a bakin rumfa.

Tsohuwa ce gajera, da baƙin zane da ƙurar tafiya a ƙafafunta. Hannunta ɗaya riƙe da gorar nan, ɗayan riƙe da Tsahara, wadda idanunta suka kumbura. Daga baya na ji cewa tsohuwar ta yi mako biyu a wani ƙauye wajen Keita inda ƴar ƙanwarta ta haihu, jiya da yamma ta dawo, da safe ta shiga rumbu ta ɗaga gora ta ji ba nauyi. Direkta ya taso da sauri zai tare ta, amma ta riga ta shigo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta gaida konseye, ta gaida malamai, ta tambaye su hanya da zafi da iyali, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi. Ni ina tsaye da gwangwani a hannu kamar an dasa ni. Sannan ta juyo gare ni.

“Ɗiyata, ni ta Haule, kakar wagga. Ba hwaɗa niz zaka yi ba. An ce mani karatu ka son wake, to karatu ba a hana mai. Ki ɗebi abin da shi ka so, ki ba ni sauran. Irina na, kuma ruwa sun kusa.”

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Kuma maimakon in dubi ƙasa kamar mai hankali, sai idona ya tafi da kansa can bayan aji, ya sauka a kan tiren. Duk wanda ke cikin rumfar ya bi idona, malamai talatin da yara hamsin. Mafi yawan malaman nan ƴaƴan manoma ne, ba su bukaci a yi musu bayani ba. Konseye ya ajiye alƙalaminsa a hankali. Dogon malamin nan ya dafe aljihunsa, inda mai ya riga ya fito ya yi taswira. Inna Haule ta dubi tiren, ta dubi ƙosai ukun da suka rage, ta daɗe tana dubawa.

“An ci?” ta ce.

Na ce, “An ci, Inna.”

Ta gyaɗa kai. Ta ce to, Allah ya sa ya zama lafiya a cikin da ya shiga. Wallahi da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma wannan addu'ar ta fi mari zafi. Babu wanda ya amsa da amin da ƙarfi, kowa a ciki ya yi tasa.

Konseye ne ya yi ƙarfin halin ba ta kujera, ya tambaye ta wane irin wake ne wannan. Ta ƙi zama, amma ta amsa. Ta ce mahaifiyarta ce ta ƙulla mata shi a bakin zane ranar da aka kawo ta garin nan, ita ma daga tata uwar ta samu. Wake ne mai sauri, yana nuna tun hatsi bai fitar da kai ba, a daidai lokacin da rumbu ya koma fanko, shi ke riƙe gida har a kai ga sabon hatsi. Ta ce da can gidaje da yawa suna da shi, fari ya cinye na wasu, wasu suka koma na kasuwa, ita kaɗai ta rage. Kowace kaka takan zaɓi kwanson da ya fi tsawo, daga gindin da ya fara nuna, ta shanya, ta haɗa da tokar kara mai sanyi ta toshe da laka, ƙwaro ba ya shiga. Tana maganar ina tuna darasina na tsabta, kalma bayan kalma, ina jin kamar in nutse. Yaran da na yi wa wannan darasin suna zaune suna kallona, kuma ko ɗaya bai yi dariya ba. Sun fi ni tarbiyya.

Tana cikin magana idonta ya kai kan tebur. Ta matso ta leƙa gwangwanayen. Masu tsiro ta taɓa ganyensu da ɗan yatsa ta girgiza kai, ta ce waɗannan sun tashi ba lokacinsu ba, ba za su ga damina ba. Da ta zo kan shidan nan busassu, waɗanda a darasina su ne misalin iri da bai yi nasara ba, sai ta tsaya. Ta zazzage na farko a tafin hannunta, ta hure audugar. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Har wanda ke hannuna ta miƙo hannu ta karɓa, don na manta ina riƙe da shi. Ƙwaya talatin. Ta ƙulle su a bakin zanenta, ƙulli biyu, ta ja da haƙori. Ta yi wa kowa sai an jima, ta kama hannun jikarta suka fita.

Ba a ƙarasa darasin ba. A wajen tattaunawa, inda aka saba yi wa mai darasi fata-fata, babu wanda ya ce komai a kan shirin darasina, kuma wannan shirun ya fi kowace suka. Konseye ya ce abu ɗaya kawai, cewa yau an yi darasin tsirowar iri mai kyau, amma ba wadda aka sa ta yi ba ce ta yi shi. A gida Mariama ba ta ce mini “ai na faɗa miki” ba. Ta dai ajiye mini tuwo ta ce ashe Madawa kusa take.

Na yi ƙoƙarin gyarawa, irin gyaran wanda bai san abin da ya ɓata ba. Na dasa masu tsiron a bayan aji ina ba su ruwan da nake saye wajen ƴan garuwa, rana ta ƙone rabi, awaki suka gama da sauran cikin kwana huɗu. Ranar kasuwar Buza na sayo wake tiya uku, fari manya, mafi tsada, na kai mata har gida. Ta karɓa ta yi godiya, ta sa mini albarka, ta ce za su ci. Ba ta ce za ta shuka ba, ni ma ban tambaya ba. Na ba ta haƙuri ina kuka, ita ce ma ta koma tana rarrashina, tana cewa yarinta ce. Na roƙe ta kada ta hukunta Tsahara. Ta ce me za ta hukunta, yarinya an ce mata za ta zauna a gaba.

Aka yi ruwa, aka ba da babban hutu, na tafi Madawa na ci abincin gidanmu wata uku. Da na dawo Mariama ta ba ni labari. Inna Haule ba ta kai ƙwaya talatin ɗin gona ba, a bayan ɗakinta ta shuka su ta kewaye da ƙaya, tana gadinsu kamar jariri. Goma sha wani abu suka yi. Ba ta ci ko ƙwaya ɗaya ba, duk ta mayar iri. A watan da waken nan ya saba riƙe su, ita da jikarta ganye suka yi ta dafawa, sai abin da maƙwabta suka miƙo. Na ga hakan a wuyan Tsahara ranar da aka koma makaranta. Ta koma bencinta na ƙarshe da kanta. Na yi na yi ta dawo gaba, ta ƙi. Na saya mata sabon allo, ta karɓa da hannu biyu. Amma har na bar garin ba ta taɓa ɗaga hannu a ajina ba, kuma ban ƙara ganin haƙoranta ba.

Shekara biyu bayan haka aka canza mini wurin aiki zuwa wajen Sabon Gida. Ranar da zan tafi, ina tsaye da kayana ina jiran motar kasuwa, sai ga Tsahara. Ta miƙo mini wani ɗan ƙullin tsumma, ta ce in ji Inna, ba ta iya fitowa, ƙafa ta hana. Na kwance. Toka ce, a cikinta jan wake ƙwaya bakwai.

“Ta ce ki aje, tunda kina son shi. Ta ce kuma kada ki raba shi da tokar.”

Ban san ko tsokana ce ko yafiya ba, ina jin duka biyun ne. Inna Haule ta rasu a shekarar da ta biyo, kuma an ce mini gorar ba ta kai ga sake cika ba.

Yanzu na daɗe a aikin nan, har ni ake turo wa sababbin malamai su kalli darasina. Suna zuwa da dabaru masu kyau, a kawo kaza daga gida, a kawo kaza, kayan aiki daga muhallin yaro, kamar yadda aka koya musu. Ba na hana su. Ina dai ce musu kafin ka ce wa yaro ya kawo abu, ka tambaye shi a gidansu me ake yi da abin, kuma wa zai neme shi idan ya ɓace. In kuma ka ga abin da ba ka gane ba, ko toka ce, ka tambaya kafin ka fara wa'azi. Sukan rubuta a littafinsu su ce shawara ce mai kyau, a wane littafi na karanta. Nakan ce musu ba karantawa na yi ba, soyawa na yi.